Garin Hatsin Rai da Tumatirin Gwangwani: Wanne Ya Fi Amfani a Jiki?

Masana abinci suna da al'adar jera kowane irin abinci a teburin ƙididdiga bisa nauyin giram 100, domin a samu ma'auni guda da za a iya kwatanta shinkafa da wake, ko madara da nama, ba tare da ruɗani ba. Wannan ma'auni yana aiki sosai idan abincin da ake kwatantawa 'yan gida ɗaya ne, amma yakan ɓatar da mai karatu idan aka haɗa busasshen gari da abu mai ruwa-ruwa, kamar yadda yake faruwa idan aka ajiye garin hatsin rai kusa da tumatirin gwangwani. Ruwan da ke cikin giram 100 na garin kimanin giram 11 ne, alhali kuwa giram 94 ko fiye na tumatirin ruwa ne zalla, don haka duk wanda ya tsaya a kan lambobin teburin kaɗai zai yanke hukunci cewa garin ya doke tumatirin a kusan komai. Hukuncin yana da gaskiya ta wata fuska, sai dai bai kammala bayanin ba, kuma kafin a kammala shi dole a san mene ne kowannensu, yadda ake sarrafa shi, da kuma gwargwadon abin da mutum yake ci daga cikinsa a zama ɗaya.

Hatsin rai, wanda masana tsirrai ke kira Secale cereale, ɗan uwan alkama ne da sha'ir, kuma ana jin asalinsa daga yankin da yake ƙasar Turkiyya a yau, inda ya fara bayyana a matsayin ciyawa mai tsirowa a gonakin alkama kafin manoma su lura da juriyarsa su riƙa shuka shi da gangan. Abin da ya ɗaukaka shi a arewaci da gabashin Turai shi ne yana jure tsananin sanyi, yana kuma yin yabanya a ƙasa mai yashi da ƙarancin taki wadda alkama ba ta iya rayuwa a cikinta. Jamus da Poland da Rasha ne kan gaba wajen nomansa, kuma abin da duniya baki ɗaya take girbewa a shekara yakan tsaya tsakanin tan miliyan 12 zuwa 15, adadin da yake ɗan kaɗan idan aka tuna cewa alkama tana haura tan miliyan 750. A waɗannan ƙasashe da maƙwabtansu irin su Denmak da Finland, baƙin burodin da ake yi da garinsa abinci ne na yau da kullum, mai nauyi a hannu, mai ɗan tsami a baki, wanda kuma yake daɗewa bai lalace ba.

Ba a iya maganar amfanin garin hatsin rai a dunƙule, domin garin iri-iri ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya samo asali ne daga yawan dusar da aka bari a ciki lokacin niƙa. Ƙwayar hatsi tana da sassa uku: ɓawon waje wanda yake zama dusa, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, da kuma farin cikin da galibinsa sitaci ne. Mafi yawan ma'adinai da bitamin suna tattare ne a ɓawon da idon, saboda haka duk lokacin da aka tankaɗe gari domin ya yi fari da laushi, ana zubar da babban rabo na amfaninsa. Jamusawa sun tsara wannan da lambobi da ake bugawa a jikin buhu, kamar 815 da 1150 da 1740, inda lambar ke nuna miligiram nawa na toka ke saura idan aka ƙone giram 100 na busasshen garin, kuma da yake tokar ma'adinai ce, girman lambar yana nufin duhun garin da yawan ma'adinansa.

Teburin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda masu bincike da yawa ke dogaro da shi, ya nuna wannan bambanci ƙarara. Giram 100 na baƙin garin hatsin rai yana ba da kalori kimanin 325, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, tare da furotin mai gina jiki kusan giram 16, da sitaci da danginsa kusan giram 69, da mai da bai kai giram 3 ba. A cikinsa akwai sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen yin jini kusan miligiram 5, da zinki kusan miligiram 5, da magnesiyam miligiram 160, da fotasiyam fiye da miligiram 700. Farin garin kuwa, wanda aka cire masa dusa, kalorinsa ya ɗan ƙaru zuwa kimanin 357, amma furotinsa ya sauko ƙasa da giram 10, sinadarin ƙarfensa kuma bai kai miligiram 1 ba. Abin da babu shi a kowane irin garin shi ne bitamin C, haka nan bitamin A ɗan abin da ba a rasa ba ne.

Inda hatsin rai ya yi wa sauran hatsi fintinkau shi ne faiba, wato ɓangaren abincin tsiro da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, wanda yake wucewa zuwa babban hanji ya riƙe ruwa, ya tausasa bayan gida, ya kuma zama abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can. Baƙin garin yana ɗauke da kusan giram 24 na faiba a cikin giram 100, matsakaicin gari yana da kusan 12, farin kuma yana da 8, wanda duk da haka ya ninka na farar fulawar alkama kusan sau uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla giram 25 a rana, don haka za a ga cewa giram 100 na baƙin garin shi kaɗai yana iya kusan cika wannan buƙata. Babban kaso na faibar hatsin rai wani sinadari ne mai suna arabinozailan, wanda yake shan ruwa ya yi yauƙi, kuma shi ne yake sa ƙullun garin ya riƙa manne wa hannu. A shekarar 2011 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa akwai isasshiyar hujja a kan cewa faibar hatsin rai tana taimaka wa hanji ya yi aikinsa yadda ya kamata, kuma wannan hukuma ba ta da saurin amincewa da irin waɗannan iƙirari. Bincike da aka gudanar a Finland da Suwidin ya kuma nuna cewa burodin hatsin rai yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ƙasa da yadda farin burodin alkama ke sawa, yana kuma riƙe ciki na tsawon lokaci. Duk da haka burodi ne mai sitaci, kuma mai ciwon sukari ba zai ɗauke shi a matsayin magani ba. Akwai kuma mutanen da hanjinsu ba ya jure wani nau'in sukari mai sarƙaƙiya da ke cikinsa, wanda ake kira furuktan, har yakan jawo musu kumburin ciki da yawan iska.

Hatsin rai yana ɗauke da gulutin, furotin ɗin da yake cutar da masu cutar siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki take lalata bangon ƙaramin hanji idan aka ci alkama ko sha'ir ko hatsin rai, saboda haka kuskure ne babba a ba irin waɗannan marasa lafiya shi a madadin alkama. Sai dai gulutin nasa ba ya miƙewa ya riƙe iska kamar na alkama, wanda shi ya sa burodinsa ba ya tashi sosai, shi ya sa kuma masu gashi suka saba tsimar da ƙullunsa ya yi tsami kafin a gasa. Tsamin yana da amfanin da ya wuce ɗanɗano. A cikin dusar kowane hatsi akwai wani sinadari mai suna fitet, wanda yake kama ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su, kuma tsimawa tana farfasa kaso mai yawa na wannan sinadari, ta yadda ma'adinan da aka lissafa a tebur za su iya isa jini. Wannan yana nuna cewa lambar da aka rubuta a tebur tana faɗin abin da ke cikin abinci ne kawai, ba ta faɗin abin da jiki zai karɓa.

Tarihin hatsin rai yana da wani ɓangare mai duhu da ya cancanci a ambata a taƙaice. Wata funfuna mai suna Claviceps purpurea tana kama zangarniyarsa fiye da ta sauran hatsi, ta maye gurbin ƙwayar da wani baƙin ƙulli mai dafi, kuma a tsakiyar zamanan Turai cin garin da ya gauraya da shi ya hallaka dubban mutane ta hanyar farfaɗiya da ruɓewar yatsu. Daga wannan dafin ne masu bincike suka ware maganin agometirin a shekarar 1935, wanda har yau ake yi wa mata allurarsa a asibitoci, ciki har da na Najeriya da Nijar, domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Injinan tace hatsi na zamani da dokokin abinci sun sa wannan guba ta zama abin da ba kasafai ake gani ba.

Tumatir kuwa asalinsa daga yammacin Kudancin Amurka ne, an mayar da shi amfanin gona a ƙasar Meziko, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Dabarar adana abinci ta hanyar rufe shi a mazubi sannan a dafa shi ta fito ne daga Bafaranshe Nicolas Appert, wanda ya wallafa littafinsa a kanta a 1810, shekarar da Peter Durand ya yi rajistar amfani da gwangwanin ƙarfe a Ingila. A nan akwai wani bambanci da dole a fayyace, domin abin da teburin abinci na Turai da Amurka ke nufi da tumatirin gwangwani shi ne tumatir ɗungum ko yankakke, wanda aka ɓare aka zuba cikin ruwansa, alhali abin da uwargida a Kano ko Maraɗi take nufi idan ta aiki yaro ya sayo tumatirin gwangwani shi ne markaɗaɗɗen tumatir mai kauri da aka ƙafe ruwansa. Ƙa'idar abinci ta ƙasa da ƙasa da ake kira Codex ta tanadi cewa ba za a kira abu markaɗaɗɗen tumatir mai kauri ba sai daskararren sinadarin tumatir da ke narke a cikinsa ya kai kashi 24 cikin ɗari. Lambobin waɗannan biyu sun yi nisa da juna ƙwarai.

Giram 100 na tumatir ɗungum na gwangwani yana ba da kalori 16 zuwa 17 kacal, da furotin da bai kai giram 1 ba, da sukari da danginsa giram 3 zuwa 4, da faiba giram 1 zuwa 2, da fotasiyam kimanin miligiram 190, da bitamin C tsakanin miligiram 9 zuwa 13. Mai kaurin kuwa, tun da an janye masa ruwa, yana ba da kalori kimanin 82, da furotin giram 4, da faiba giram 4, da fotasiyam fiye da miligiram 1,000, da sinadarin ƙarfe kusan miligiram 3, da bitamin C kusan miligiram 22. Abin lura shi ne bitamin C bai ninku gwargwadon yadda sauran suka ninku ba, saboda zafi da iska suna lalata shi, kuma daɗewar da mai kaurin yake yi a kan wuta tana cinye wani kaso daga cikinsa.

Zafin da yake rage bitamin C shi ne kuma yake buɗe hanyar wani sinadari da ya fi kowanne jan hankalin masu bincike a kan tumatir, wato laikofin, wanda shi ne yake ba tumatir da kankana jan launinsu. A ɗanyen tumatir laikofin yana kulle ne a cikin ƙwayoyin halittar 'ya'yan, kuma hanji ba ya iya fitar da shi da yawa, amma dafawa da markaɗawa suna fasa bangon ƙwayoyin su sake shi. Wani bincike da Gärtner da Stahl da Sies suka wallafa a 1997 daga Jamus ya nuna cewa idan aka ba mutane laikofin daidai wa daida, wasu daga ɗanyen tumatir wasu daga mai kauri, wanda ya shiga jinin masu cin mai kaurin ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Ga kuma yawa: ɗanyen tumatir da na gwangwani ɗungum suna da kimanin miligiram 2 da rabi a giram 100, mai kaurin kuwa yana da kusan miligiram 29. Da yake laikofin a cikin mai yake narkewa, soya tumatir da man gyaɗa ko manja kafin a tsayar da ruwan miya yana ƙara yawan abin da jiki ke samu, wato dai abin da aka saba yi a madafa ya yi daidai da abin da ɗakin gwaji ya tabbatar. Sai dai an zuzuta amfanin laikofin fiye da hujjar da ke hannu. Binciken da aka yi a Jami'ar Harvard a 1995 ya ga alaƙa tsakanin yawan cin tumatir da raguwar ciwon dajin furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, amma da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta duba dukkan binciken da ke akwai bayan shekara goma, sai ta bayyana hujjar a matsayin mai rauni ƙwarai. Ganin alaƙa tsakanin abu biyu ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan, tun da mai yawan cin tumatir yakan kasance mai yawan cin sauran kayan lambu ne.

Raunin tumatirin gwangwani yana wajen gishiri. Ɗanyen tumatir yana da sodiyam, sinadarin gishirin da ke da hannu a hawan jini, kimanin miligiram 5 a giram 100, kuma garin hatsin rai bai ma kai haka ba, amma na gwangwani ɗungum yakan ɗauki miligiram 115 zuwa 145, mai kaurin da aka sa wa gishiri kuma yana iya kaiwa kusan 800, alhali wanda ba a sa wa ba bai wuce 60 ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum ita ce ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a rana, daidai da giram 5 na gishiri, kuma a tukunyar da za a ƙara wa gishiri da dunƙulen ɗanɗano wannan iyaka ba ta da wuyar ƙetarewa. Akwai kuma kayan da ake sayarwa a gwangwani ko leda masu kama da tumatir waɗanda aka haɗa da sitaci ko sukari ko launi, kuma lambobin da aka kawo a sama ba su shafe su ba, don haka karanta jerin abubuwan da aka rubuta a jikin mazubi ya fi dogaro da jan launin da ido ya gani. Tsamin tumatir yana hana ƙwayar cutar Clostridium botulinum mai mugun dafi yaɗuwa, shi ya sa masana'antu kan ƙara masa ɗan sinadarin tsamin lemo domin tabbatarwa, amma gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko yake yoyo abin zubarwa ne, wanda aka buɗe kuma ya fi kyau a juye ragowarsa a wani mazubi mai murfi a sa a wuri mai sanyi.

Idan aka sauya ma'auni daga nauyi zuwa kalori, sakamakon kwatancen yakan juye. Domin a samu kalori 100 ana buƙatar giram 31 kacal na baƙin garin hatsin rai, amma ana buƙatar kimanin giram 600 na tumatir ɗungum na gwangwani. A wannan ma'auni garin yana ba da fotasiyam kimanin miligiram 220, tumatirin kuma yana ba da fiye da 1,100. Garin ba ya ba da bitamin C ko kaɗan, tumatirin kuma yana ba da miligiram 55 zuwa 75, wanda ya kusa cika buƙatar babban mutum ta rana guda. Ko a faiba ma, inda garin yake taƙama, tumatirin yana kamo shi. Wannan shi ne abin da masana ke kira yawan sinadarai a kowace kalori, kuma ma'auni ne mai amfani ga mai son rage ƙiba. Amma shi ma yana da nasa ruɗin, domin mutumin da yake buƙatar kalori 2,000 a rana zai same su daga giram 600 na garin, alhali daga tumatirin sai ya ci kusan kilo 12, abin da cikin ɗan Adam ba zai ɗauka ba, ga kuma gishirin da zai biyo baya.

Ma'auni na uku, wanda ya fi kusa da rayuwa, shi ne abin da ake ci a zama ɗaya. Ba wanda yake cin gari ɗanye, kuma da zarar an kwaɓa shi da ruwa an gasa, giram 100 na burodin hatsin rai yakan sauko zuwa kalori kimanin 260, faibarsa ta ragu gwargwadon ruwan da ya sha da kuma fulawar alkamar da aka saba haɗawa da shi, sodiyam ɗinsa kuma ya haura zuwa wajen miligiram 600 saboda gishirin da mai gashi ya zuba. Da haka fifikon da garin yake da shi a kan tumatirin ta fuskar gishiri ya ɓace gaba ɗaya. Haka nan ƙaramin gwangwanin tumatir mai kauri na giram 70, idan aka raba miyarsa ga mutum shida ko bakwai, kowa zai samu kimanin giram 10 ne, wanda laikofin ɗinsa ya kai na ɗanyen tumatir matsakaici guda, amma furotin da ƙarfensa ba abin da za a lissafa ba ne.

Matsayin waɗannan abinci biyu a jiki kamar na tuwo da miya ne, kuma akwai dalili na kimiyya da ya sa haɗa su ya fi raba su. Sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi irin wanda hanji ke wahalar tsotsa ne, bitamin C kuwa yana sauya shi zuwa siffar da ta fi sauƙin shiga jini idan an ci su a lokaci guda, don haka abin da tumatir yake da shi yana taimaka wa abin da hatsi yake da shi. Dukansu biyun ba su da bitamin B12, wanda ake samu daga nama da kifi da ƙwai da madara, kuma furotin ɗin hatsin rai, ko da yake ya ɗan fi na alkama yawan sinadarin laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, yana buƙatar wake ko nono ko nama domin ya cika.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, inda ba a noman hatsin rai kuma ba a samun garinsa sai a manyan kantuna da tsada, babu buƙatar neman sa domin samun wannan amfani. Gero da dawa da ba a surfe su har suka yi fari ba suna ba da ƙarfi da ma'adinai da faiba mai yawa, ko da yake faibarsu ba ta kai ta baƙin garin hatsin rai ba, ga shi kuma ba su da gulutin, sannan jiƙawa da tsimawar da ake yi wa gasarar koko da kunu tana rage fitet kamar yadda tsamin ƙullun burodi yake yi. Hukuncin kwatancen dai shi ne garin hatsin rai, musamman baƙin, ya fi ƙarfi da furotin da faiba da mafi yawan ma'adinai a kowane giram, tumatirin gwangwani ya fi bitamin C da laikofin, ya kuma fi fotasiyam a kowace kalori, kuma babu ɗayansu da zai iya tsayawa a madadin ɗayan.